Dogon Hutu: Ina Za Mu Kai Ƙannenmu?



Da takardar gayyata ta iso mini, na ga an ce in yi magana a kan yawon buɗe ido na matasa da sansanin hutu na yara, sai da na yi murmushi, domin na san abin da da yawa daga cikinku za su faɗa a zuci. Za ku ce wannan ai zancen masu ƙoshi ne, wanda bai gama biyan kuɗin makaranta ba ina ruwansa da yawon shan iska? Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne bin diddigin al'amarin da na yi, na tarar ashe tun farko magani ne aka nemo wa 'ya'yan talakawan birni, kuma waɗanda suka nemo shi ƙananan mutane ne, malaman makaranta da limaman coci, waɗanda ba su da baitulmali a bayansu.

A shekarar 1876, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, akwai wani limamin coci mai suna Walter Bion. Zamani ne da masana'antu suka janyo mutane daga karkara suka cusa su a ƙananan ɗakuna marasa iska, tarin fuka kuma yana ta ɗibar rayuka. Bion ya taɓa zama a yankin tuddai na Afenzel, ya san yadda yaran can suke, ya kuma ga yadda na birni suka ƙanjame. Sai ya nemi gudummawa wurin jama'a, ya ɗebi yara 68 tare da wasu malamai, ya hau da su tuddan nan suka yi hutu, suna cin abinci mai kyau, suna yawo a fili, suna barci da wuri. Ke nan. Amma cikin 'yan shekaru sai dabarar ta bazu zuwa Jamus da Faransa, har ya zama al'ada a ɗora yaro a sikeli ranar tafiya, a sake ɗora shi ranar dawowa, a rubuta abin da ya ƙaru. Ku lura da wannan sikeli, jama'a, domin shi ne shaidar cewa mutanen nan lafiya suke nema. Shekara ɗaya bayan haka, watau 1877, wani limamin a Amurka, Willard Parsons, ya roƙi manoman cocinsa su karɓi yaran unguwannin talakawa na birnin Niyok su yi hutu a gidajensu.

A Tarayyar Sobiyet ta da, sansanin Artek da ke bakin Bahar Aswad, wanda sunansa ya game duniya, an buɗe shi ne a 1925 da yara 80 cikin tantuna, a ƙarƙashin wani likita, Zinobi Solobiyof, domin yara masu raunin jiki. Daga baya hukuma ta mai da shi wurin nuna wa baƙi bajinta, zuwa can ya zama lada ga zaɓaɓɓu. Wannan darasi ne a gare ku ma'aikata: duk abin da aka yi domin marasa galihu, in ya yi kyau, masu galihu ne kan fara cika shi, sai fa in an tsare ƙofa.

Wanda labarinsa ya fi shafarmu shi ne wani malamin firamare Bajamushe, Richard Schirrmann. Al'adarsa ce ya fita da ɗalibansa tafiyar ƙasa ta kwanaki. Cikin watan Agusta na 1909 hadari ya rutsa da su a hanya, suka rasa masauki, daga ƙarshe aka buɗe musu wata makarantar ƙauye da ke rufe saboda hutu, suka kwana a aji. A daren nan tunani ya zo masa cewa kowane gari yana da makaranta, kowace makaranta kuma tana zaune fayau in an yi hutu, to me zai hana a jingine bencina, a shimfiɗa katifun ciyawa, yara matafiya su riƙa kwana? Daga nan masaukin matasa ya samo asali. A 1912 aka kafa na dindindin na farko a wata tsohuwar fada a garin Altena, a 1932 kuma aka kafa ƙungiyar irin waɗannan masaukai ta ƙasa da ƙasa a Amsadam. Ajin da babu kowa a ciki, shi ne jarin da ya fara da shi, mu kuwa muna da irinsa dubbai.

Kada ku zaci abin baƙo ne gare mu ɗungum. A 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe wurin horar da samari a Man O' War Bay, kusa da garin da a lokacin ake kira Biktoriya, yanzu Limbe, a Kudancin Kamaru. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, har daga Arewa, sukan je su yi makonni suna koyon iyo, suna hawan dutse, suna aikin gayya a ƙauyuka. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya, aikin ya dawo gida, kuma makarantar da ke duwatsun Shere kusa da Jos jikar wancan wuri ce. Haka nan hidimar ƙasa da gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1973 tana farawa ne da sansani na mako uku, wanda da yawanku za ku shiga ba da daɗewa ba. Sai dai duk waɗannan na manya ne. Yaro ɗan shekara takwas zuwa sha huɗu, in ba ɗan sikawut ba ne, ko ubansa mai hali, wa ya tanadar masa wani abu?

Ku dubi yadda dogon hutunmu yake. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuli, a koma cikin Satumba, watau tsakiyar damina sosai. Yaron karkara ba shi da matsalar zaman banza, fartanya tana jiransa, wani lokaci ma aikin ya fi ƙarfinsa. Yaron birni shi ne abin tausayi. Filin da muka yi langa da kokawa a cikinsa muna yara an yanka shi fuloti-fuloti, dandalin da 'yan mata kan yi gaɗa da dare ya zama shaguna. Abin da ya rage masa shi ne lesin na hutu, wanda komawa aji ne da wani suna, ko talla, ko wayar hannun yayansa. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana na motsa jiki wanda zai sa numfashinsa ya ɗaga. A ƙasar Taiwan, da suka ga ciwon rashin hangen nesa ya yi yawa a cikin 'yan makaranta, a 2010 suka umurci makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana, domin an gano hasken fili yana kare idon yaro. Mu da Allah ya ba rana kyauta, mun fara kulle namu a ɗaki.

To, na san akwai maganar da ke bakin kowa, gara in faɗe ta da kaina. Wane uba ne zai yarda ɗansa ya kwana a wata makaranta a bayan gari? Bayan Cibok a 2014, inda aka kwashe 'yan mata 276, da Dapci a 2018, da Ƙanƙara a Disamba 2020, da Jangebe a Fabrairu 2021, duk wanda ya zo wa iyaye da zancen sansanin kwana a daji, in suka kore shi ban ga laifinsu ba. Ni kaina ba zan ba da nawa ba. Amma tsoron nan yana da nasa hasarar da ba a lissafawa: muna rainon yaran da ba su san komai ba bayan lungunsu, waɗanda ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da yaron wata unguwa ko wani addini ba, kuma irin waɗannan ne mai mugun nufi ya fi sauƙin ruɗa.

Saboda haka shawarata ƙarama ce. A bar zancen kwana tukuna. Ku ɗalibai, in kun koma garuruwanku hutu, ku haɗu ku goma ko sha biyu, ku sami hedimastan firamaren unguwarku da mai unguwa da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, ku roƙi aji biyu da filin makaranta na mako biyu. Yara su zo da safe, su koma gida kafin la'asar. A yi wasanni, a yi tatsuniya da kacici-kacici da dara, a dasa itatuwa tunda damina ce, a ci abinci sau ɗaya mai kyau, ko da wake da shinkafa ne da ɗan ganye. Kwana biyu ko uku a cikin makonnin a fita yawo a cikin gari. Bari in tambaya, ku da aka haifa a Kano, mutum nawa ne a nan ya taɓa hawa Dala, ko ya shiga Gidan Makama, ko ya tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake tsoma zane a baba? Na ga hannuwan ba su da yawa. Na Katsina suna da hasumiyar Gobarau, na Daura rijiyar Kusugu, na Zariya ganuwa da dutsen Kufena. Ba sai an je Yankari ba, ko da yake wanda ya sami halin kai yara su ga giwa su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki ya yi musu abin da ba za su manta ba. Kuma kada ku raina kai su tashar jirgin ƙasa, ko maɗaba'a, ko wurin tace ruwan famfo. Yaron da ya ga inda ruwan famfo ke fitowa ya sami ilmin da babu shi a allo.

Yanzu ga inda nake son ku kasa kunne ƙwarai, domin wanda ya tara yaran mutane ya ɗauki amana, kuma taro shi kansa hanyar cuta ne. Ina ƙaramin malami na taɓa fita da ɗalibaina kallon wata madatsar ruwa. Rana ta yi zafi, yara suka roƙe ni, na ga ruwan bakin gaɓa bai kai gwiwa ba, na ƙyale su suka shiga. Muka dawo kowa yana murna. Bayan wata biyu ko uku sai iyaye suka fara zuwa, wasu yaran suna fitsarin jini. Tsargiya ce. Ban san a lokacin ba cewa ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke cikin ruwa kwantacce, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, ba sai ya sha ruwan ba. Wani uba ma ya ce mini in kwantar da hankalina, ai alamar balaga ce, wanda kuwa kuskure ne da ya daɗe yana cutar yaranmu. An yi musu magani sun warke, domin akwai ƙwayar farazikwantel mai kashe ta, amma kunyar da na ji ba ta warke da wuri ba. Don haka doka ta farko, babu shiga kududdufi ko dam ko rafi, kome magiyar yara. Banda tsargiya ma, ruwa yana cin yaro cikin minti kaɗan, kuma sau da yawa ba ya ko iya ihu.

Sai ruwan sha da makewayi. Damina lokacin amai da gudawa ne. Kafin ku karɓi yaro ko ɗaya, ku duba masan makarantar, in ya lalace ku gyara ko ku nemi wata makarantar. A ajiye buta da sabulu a ƙofarsa da kuma wurin cin abinci, a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin tsarkakewa. Ku tanadi ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, in kuma ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba sai na gaya muku ba, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya suke, kuma watannin hutun nan ne ganiyarsa. Wannan ma wani dalili ne na barin yara su kwana gida cikin gidan sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa ranar nan, kada wani ɗalibi ya mai da kansa likita. Ku da ke karatun likita da jinya da harhaɗa magunguna, ga inda za ku yi amfani: ku auna nauyin yara da tsawonsu ranar farko, ku gwada ganinsu da allon haruffa, wanda kuka ga alamar matsala ku rubuta wa iyayensa takarda zuwa asibiti. In wani ya ce a ɗaga abin zuwa hutun bazara don gudun sauro, ku tuna masa watannin Maris da Afrilu lokacin sanƙarau ne, cunkoso a aji mai zafi ba dabara ba ce.

Abu ɗaya da nake tsoron za a manta shi ne 'yan mata. In ba ku yi da gangan ba, za ku waiwaya ku ga maza zalla, domin ita yarinya tana talla ko raino. Uwa ba za ta saki 'yarta ga samari ba, kuma tana da gaskiya. Sai 'yan'uwanmu ɗalibai mata sun shiga gida-gida da kansu, sun zauna da iyaye mata, an ware wa 'yan mata ajinsu da masu kula da su, an kuma kafa ƙa'ida cewa babu babban da zai keɓe da yaro shi kaɗai, mace ko namiji. Wata uwar za ta ce to wa zai biya ta cinikin ranar? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsar da na sani ita ce a sallami 'yan mata da azahar, su sami kasuwar yamma.

Ku kuma ma'aikata, abin da ake bukata daga gare ku sa hannu ne. Takardar neman aron makaranta za ta biyo ta teburin ɗayanku, kada ta kwana uku a tire. Motar ma'aikata da ke ajiye ranar Asabar tana iya kai yara talatin gidan tarihi ta dawo da su. Duba-gari yana iya leƙa masai kyauta. In an zo rubuta sunayen yara, a ba mai unguwa da malaman aji su zaɓo waɗanda ba su taɓa fita ko'ina ba, ku bar naku 'ya'yan su zo daga baya.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Na roƙi sakatare ya ajiye takarda a bakin ƙofa, duk mai niyya ya rubuta sunansa da garinsu da abin da yake karantawa, domin a haɗa 'yan gari ɗaya tun kafin a fara jarrabawa. Sauran lokacin na bar shi ga masu tambaya.