Abincin Biki: A Auna Aljihu, A Duba Lafiyar Baƙi



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, da 'yan uwanmu na gida Katsina da za su karanta wannan jawabi a mujalla, ina yi muku barka da yamma. An ce in yi magana kan abincin biki, wasu kuma suna ta tambayar me ya haɗa likita da tukunya. Abubuwa biyu ne suka haɗa mu. Na farko, duk abin da ya shiga ciki, ƙarshenta gaban likita yake zuwa. Na biyu, bara ni na aurar da ɗiyar yayana a wani zaure da ke kan wannan titi na Gate City Boulevard, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba.

Da muka je neman zaure aka ce mana faranti ɗaya dala 38 ne. Na buga lissafin mutum 250, ya ba ni dala 9,500, na ce alhamdu lillahi, na biya kafin alƙalami. Ashe wannan kuɗin abinci ne kawai. Da takardar ƙarshe ta zo, sai ga kuɗin hidima kashi 22 cikin 100, wato dala 2,090, ga haraji, ga hayar zaure, ga kuɗin ƙyallen tebur, har yanka kek sai da aka saka masa farashi. Jimla ta kusa dala 15,000. Babu wanda ya cuce ni, duk a rubuce suke cikin yarjejeniyar da na sa wa hannu ban karanta ba. Don haka duk wanda aka faɗa wa kuɗin faranti, ya ce a rubuta masa jimlar da zai biya bayan an ɗora komai.

Sai maganar yawan mutane. A nan, 'yan kwanaki kafin biki ake ba masu girki adadi na ƙarshe, kuma a kansa za a biya, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Mu kuma ba mu saba amsa katin gayyata ba. Ka gayyaci mutum ɗaya, ya taho da iyalinsa da baƙon da ya sauka gidansa daga Charlotte, ban da 'yan gayyar soɗi. Ba na cewa mu kori kowa, al'adarmu ba ta yarda da haka ba. Amma kowane gida zai iya aika saƙon WhatsApp ya ce mu biyar ne za mu zo. Wannan saƙo ɗaya yana iya rage wa ɗan uwanku ɗaruruwan daloli.

Akwai tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin a biya ko kwabo. Shin zauren ya yarda a shigo da abinci daga waje? Otal da yawa ba sa yarda, wasu kuma sai mai girkin yana da lasisi da inshora. Daga ina naman ya fito, kuma yankan halal ne? Za a kai wa kowa farantinsa ne, ko jerawa za a yi a bi layi? Kai wa kowa farantinsa na buƙatar ma'aikata da yawa, shi ya sa yakan fi tsada. Idan jerawa za a yi, a sa masu zubawa, in ba haka ba mutum 50 na farko za su kwashe naman, na baya su tarar da romo. A jihar nan ta Karolina ta Arewa kuma, gidajen abinci na manna takardar makin tsabta inda kowa zai gani. A duba ta: harafin A na nufin maki 90 zuwa sama.

Mun yi girki kala bakwai a bikin namu, don kada a ce mun gaza. Waina da miyar taushe da shinkafa dafa-duka da tsire ne suka ƙare, sauran kusan rabinsu shara aka zuba. Da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Kala uku masu kyau, da ganye da 'ya'yan itatuwa, sun ishi kowane taro.

Yanzu bari in sa rigar asibiti. A kowane teburin dattawa akwai mai ciwon suga ko hawan jini, wani ya sani, wani bai sani ba. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana ɗauke da giram 39 na sukari, kusan ƙaramin cokali 10. Zoɓonmu da kunun ayarmu ma sau da yawa mun cika su da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, ga shi dunƙulen ɗanɗanon da muke zubawa a miya gishiri ne ya yi yawa a cikinsa. A ware tulun zoɓo ɗaya marar sukari, a rubuta a jikinsa, a wadata tebura da ruwa, a ce wa mai girki ta sassauta hannu. Duk wannan ba ya ƙara ko dala ɗaya.

Abu na biyu shi ne lokaci. Kati ya ce ƙarfe 6, abinci ya iso ƙarfe 5, amarya ta shigo ƙarfe 9. Ƙa'idar hukumomin abinci na Amurka ita ce, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin firij ba. In zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake a gida yawancin shekara, awa 1 ce kawai. Shinkafa na cikin masu haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta huce sai ta saki dafin da ɗumamawa ba ya kashewa. Amai da gudawar washegarin biki da muke ɗora wa gajiya ko sammu, sau da yawa daga nan suke.

Abu na uku shi ne ya fi tsorata ni. A daren bikinmu wani yaro ɗan shekara shida, haifaffen nan, ya ci tsire. Cikin 'yan mintuna leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya fara sarƙewa. Jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, mahaifiyarsa ta san da haka, amma ba ta tuna cewa yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi ba. Allah ya taimaka tana ɗauke da allurar EpiPen a jaka. Na yi masa ita a cinya, muka kira 911, ya kwana a asibiti ya warke. Da ba ta zo da allurar ba, ban san me zan faɗa wa iyayensa ba. Gyaɗa tana cikin tsirenmu da miyar taushe da kunun gyaɗa, riɗi kuma yana cikin kayan zaƙinmu. A ajiye 'yar takarda gaban kowane kwano mai gyaɗa ko riɗi, da Hausa da Turanci.

'Yan uwa na gida, ku ma ina da roƙo gare ku. Hotunan da kuke gani a Facebook ba sa nuna katin bashin da aka biya da shi, da kuɗin ruwan da ke hawa duk wata. Na auna jinin iyayen amare watanni bayan biki, na san abin da bashi ke yi wa mutum. Kada ku auna dinar 'ya'yanku da tamu, kada kuma ku matsa wa na waje sai ya yi irin ta wane. Walimar auren Manzon Allah (SAW) da Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu aka yi ta.

Ina ba ƙungiya shawara uku. Mu sayi kwanonin ɗumama abinci da ma'aunin zafi na ƙungiya, a riƙa ara wa mai biki. Mu naɗa mutum biyu da suka iya karanta yarjejeniya, su duba ta kafin kowa ya sa hannu. Mu kuma yi alkawarin zuwa biki a kan lokaci. Ni na ɗauki nauyin duba jerin abincin duk wanda ya kawo mini, kyauta.

Allah ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya rufa mana asiri.