Kuɗin tsufa da bashi a kansu: abin da ya faru a Ingila a 2022

 

In ana zancen kuɗin fansho, mu hankalinmu sata yake zuwa: wane ya ci, wane ya gudu. To yau zan ba ku labarin inda ba wanda ya saci ko dala, amma kuɗin tsofaffi suka kusa narkewa cikin ƴan kwanaki. Bashi ne ya jawo.

Mu fara da abin da muka sani. A ce kana da hatsi na jikka 100. Ka jinginar da shi, ka ranto jikka 200, ka ƙara sayen hatsi. Yanzu na jikka 300 ke hannunka, amma 100 kaɗai ne naka. In farashi ya faɗi da kashi 10 cikin 100, hasararka jikka 30 ce, kuma duka daga cikin naka za ta fita. Mai bashi kuma ba ya jira: zai ce jinginar ta rage daraja, ciko mini yau. Ba ka da tsabar kuɗi, dole ka saida hatsi. Maƙwabtanka su ma haka. Kasuwa ta cika, farashi ya ƙara faɗuwa, mai bashi ya sake bugo ƙofa.

Haka asusun fansho da yawa na Ingila suka yi, sai dai hatsinsu takardun bashin gwamnati ne masu dogon wa'adi. Suna jinginar da takardun, su ranto kuɗi, su ƙara saye. Doka ba ta hana ba, kuma shekara da shekaru dabarar tana tafiya lafiya.

Ranar 23 ga Satumba 2022, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng, a gwamnatin Liz Truss, ya sanar da rage haraji na kusan fam miliyar 45, ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba. Masu sayen takardun suka tsorata, darajarsu ta faɗi warwas. Masu bashi suka ce a ciko. Asusun suka shiga saida takardu, farashi na ƙara zubewa. Ranar 28 ga wata Babban Bankin Ingila ya shigo, ya ce a shirye yake ya sayi takardu har na fam miliyar 65. A ƙarshe ya sayi na kusan miliyar 19, wutar ta lafa. An sallami Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, Truss ta sanar da murabus ranar 20.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ma'aikacin da ake yanke wa albashi kowane wata. Shi ne mai kuɗin, amma da wuya ya san an ci bashi a kansu.

Ban zo in ce haka ake yi a CNSS ko CARENI ba. Na zo in ce kuɗin iyayenmu ne ke can, gobe kuma namu ne. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wani asusun fansho, a ko'ina yake, mai kuɗi na da haƙƙin ya yi masa tambaya uku. Ina aka zuba kuɗin? An jinginar da wani abu daga ciki don a ranto? In kasuwa ta juya, tsabar kuɗi nawa ke ajiye?

Ku je gida, ku zauna da baba ko inna mai jiran ritaya, ku yi wannan hira. Masu aiki cikinmu, ku kai tambayoyin ga ƙungiyoyinku na ƙwadago, a nemi amsa a rubuce.

 Allah ya ba iyayenmu tsufa mai daɗi.