Daren da Aka Yi Makokin Matar Sarkin Sin a Dagumawa



Sa'ad da aka ce mu zo mu yi magana a kan finafinan ƙetare, mun san abin da galibin jama'a ke tsammanin ji, watau mu miƙe mu yi ta kuka da yadda baƙin al'adu ke gurɓata tarbiyya, a tafa mana, a watse. Wannan lacca an sha yin ta, kuma waɗanda suka fi mu ilmi ne suka yi. Mu labari muka zo da shi daga gida, na wata gardama da ta tashi a tsakar gidanmu a Dagumawa, cikin ƙasar Wudil, a kan kashi guda na wani wasan kwaikwayo na Sinawa. Muna roƙon a yi haƙuri a saurara, domin muna ganin abin da aka faɗa a daren nan ya shafi kowa a ɗakin nan.

Sinawa dai ba baƙi ba ne ga mai kallo a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun yi tururuwa zuwa gidajen silima na Kano don kallon Bruce Lee tun shekarun 1970, har ya zama in an ce fim ɗin Chanis ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai naushi da tsalle. Rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa a 1963, kuma a 2013 tashar NTA ta nuna wani wasansu na soyayyar matasan birnin Beijing wanda aka juya da Hausa. Ga StarTimes, ga kuma masu tura fim a waya a kowace kasuwa. Ta wannan hanya ta ƙarshe ce wasan da muke magana a kai ya iso gidanmu a lokacin hutu.

Sunansa Story of Yanxi Palace, an fitar da shi a 2018, kashi 70 ne, kuma a waccan shekara ba wani wasan talbijin a duniya da aka fi neman labarinsa a Google kamarsa. Labarin cikin gidan Sarki Qianlong ne, wanda ya mulki ƙasar Sin daga 1735 zuwa 1796. Wata yarinya mai suna Wei Yingluo ta shiga fada a matsayin mai aikin surfani don ta gano wanda ya kashe yayarta, sai uwargidan sarki ta ɗauke ta, ta koya mata rubutu, ta riƙe ta kamar ƙanwa. Akwai soyayya tsakanin yarinyar da ƙanen uwargidan, mai suna Fuheng, wadda aka raba da makirci. Da yake da Sinanci ake magana, fassarar kuma da Turanci take a ƙasan hoto, mu ne muka zama tafintoci. Turancin da aka kashe kuɗi aka koya mana shekara da shekaru, aikin farko ke nan da ya yi wa gidanmu. Kullum bayan lisha sai a shimfiɗa tabarmi, a ɗora kwamfuta a kan turmi, mu yi ta fassara har caji ya ƙare. Sunayen sun yi wa mutanenmu nauyi, saboda haka suka raɗa nasu: matar sarki ta zama Uwargida, Yingluo ta zama Mai Allura, sarki kuwa Maigida kawai ake ce masa.

To, bayan an wuce rabin wasan sai aka zo kan kashin da ya ta da ƙura. Gobara ta tashi a sashen Uwargida a daren sabuwar shekara, ta cinye jaririnta, wata kishiya ce kuwa ta shirya. Da ma ta taɓa rasa ɗanta na fari. Tana cikin wannan hali sarki ya zo, maimakon ya zauna su yi kuka tare sai ya tuna mata muƙaminta, cewa ita uwar ƙasa ce, ba ta da damar sakin jiki. Mai Allura ba ta nan, ta je duba mahaifinta. Sa'an nan tsohuwar baiwar Uwargida, wadda yanzu ita ce matar ƙanenta, ta shigo ta kwance mata abin da ya shiga tsakaninta da sarki. A daren nan Uwargida ta hallaka kanta. Ta bar wasiyya a 'yantar da Mai Allura, mijinta kuwa ko kalma ɗaya ba ta bar masa ba.

Muka rufe kwamfuta. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai akuya tana tuƙa a bayan rumbu. Baffanmu ne ya fara magana, shi da kullum yake cewa ba kallo yake yi ba, iska yake sha a bakin zaure. Ya ce shi bai ga laifin Maigida ba. Mutum yana ɗauke da ƙasa a ka, ɗan nan nasa ne shi ma, in ya zauna yana kuka wa zai riƙe jama'a? Abin da ya gaya mata kuwa, ai shi ake gaya wa kowace mace da ta yi rashi: ta yi haƙuri. Mene ne aibun haƙuri?

'Yan matan gidan suka yi masa caa, da ladabi dai, amma caa. Wata ƙanwarmu da ke ajin ƙarshe na sakandare ta ce, "Baffa, ai haƙurin ne ya kashe ta. Da Mai Allura ce, da sai ta ga bayan kowa." Gaskiya ne kuwa, abin da ya sa 'yan mata ke son Mai Allura shi ne ba ta barin ta kwana, wanda ya yi mata da safe, kafin la'asar ta rama. Matan aure kuma hankalinsu na wani wuri dabam. Su ba sarki suka tsana ba, ba ma kishiyar da ta sa wuta ba, domin a cewarsu kishiya aikinta ta yi. Baiwar nan suka tsine wa, wadda ta ci tuwon Uwargida shekara da shekaru sa'an nan ta zaɓi daren makoki ta kawo mata magana. Kowace a cikinsu, da alama, ta san wata mai irin wannan hali, kuma da an bar su da sun ambaci sunaye.

Goggonmu, yayar su Baffa, wadda ta haura saba'in, ba ta ce uffan ba sai da kowa ya gama. Sa'an nan ta ce abin ya dame ta ta fuska biyu. Ran mutum ba nasa ba ne, wanda ya ɗauke shi da hannunsa ya yi babbar asara, wannan ba ta da shakka a kai. Amma kuma, in ji ta, mutane nawa ne a gidan nan na sarauta? Ɗaruruwa. A ce duk cikinsu ba wanda ya zauna kusa da matar nan ya kwana? Ta juya wajen ƙanenta ta ce, "Kai kuma, ka ce a yi haƙuri ka tashi ka tafi, wannan ba ba da haƙuri ba ne, sallama ce."

Jama'a, a nan ne muke son mu ɗan daɗe. Mun lura cewa a duk gardamar nan ba wanda ya ambaci ƙasar Sin. Ba wanda ya yi maganar tufafinsu na alharini ko kitson da mazansu ke saki a baya. Da suka ga gida mai mata da yawa, da kuyangi, da uwar miji mai faɗa a ji, da mace wadda darajarta ke rataye a wuyan ɗa namiji, sai suka ga gidan da suka sani. Masana sun daɗe da faɗin haka game da fim ɗin Indiya. Brian Larkin ya rubuta a 1997 cewa Bahaushe na son sa ne domin yana ganin matsalolinsa a ciki, kamar auren tilas da biyayyar iyaye, ba tare da ya ji an mai da shi Bature ba. Wasan Sinawan nan ya bi ta wannan ƙofa, ya kuma shiga lungun da ya fi zurfi. Ya ba mutanenmu damar su yi magana a kan abin da ba a magana a kai, ta hanyar laɓewa a bayan wata mata da ta mutu a wata ƙasa tun ƙarni na 18. Matar Baffa ba za ta taɓa ce masa bai iya ta'aziyya ba. Amma tana iya cewa Maigida bai iya ba, Baffa na zaune yana ji.

Kuma tambayar da suka tayar babba ce. Haƙuri muna ji da shi, addini ya yi umurni da shi, ba mu zo mu rage masa daraja ba. Sai dai mun gauraya shi da wani abu dabam, watau kara da alkunya, har ya zama macen da ta rasa ɗa in ta zub da hawaye a gaban surukai sai a ce ba ta da tawakkali. Alhali kuwa kowane ɗan makarantar allo ya ji cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zub da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar saɓo. Mu ne muka ƙara shirun da kanmu, muka kuma ɗora mafi nauyinsa a kan mata. Da yawa a ɗakin nan za su zama likitoci da malaman makaranta da ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma matan da za su zo gabanku ba za su ce suna da ciwon damuwa ba. Za su ce kai ne ke ciwo, ko barci ya ƙi zuwa.

Da yake ɗabi'ar ɗan makaranta ce ya so nuna ya sani, kashegari muka shiga binciken tarihin. Sai muka tarar masu wasan sun yi ƙari da yawa. Matar sarkin ta gaskiya, 'yar gidan Fuca, ta rasa ɗanta na fari a 1738, na biyun kuma agana ce ta kashe shi, ba gobara ba. Ita kanta rashin lafiya ce ta ɗauke ta 'yan watanni bayan haka, a 1748, cikin jirgin ruwa a garin Dezhou, suna dawowa daga rangadi. Sarkin da aka nuna mana mai busasshiyar zuciya kuwa, a tarihi makokinsa har ya wuce kima: ya hukunta manyan hakimai don sun yi aski kafin cikar kwana 100, ya ci mutuncin manyan 'ya'yansa a bainar jama'a don a ganinsa ba su nuna baƙin ciki sosai ba. Mai Allura ma akwai ta, ita ce ta haifi Jiaqing wanda ya gāji sarautar a 1796, sai dai sunan Yingluo da ramuwar gayyar duk ƙagen marubuta ne. Abin dariya, a shekarar 2018 ɗin nan aka fitar da wani wasa, Ruyi's Royal Love in the Palace, a kan gida ɗaya da mata ɗaya, amma a can ita ce muguwa. Hukumomin Sin su ma ba su ji daɗin wasannin ba. A farkon 2019 wata jaridar gwamnati a Beijing ta zarge su da koya wa jama'a makirci da son alatu, a 2020 kuma aka sauke su daga manyan shafukan kallo na ƙasar. Ashe laccar gurɓata tarbiyya ba mu kaɗai muka iya ta ba.

Binciken nan ya bar mu da wata 'yar kunya. Daga Wudil zuwa Gidan Rumfa tafiyar da ba ta fi sa'a guda ba ce a mota, gidan kuwa yana nan tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Kisoki, da irin ƙarfin da ta yi a fada. Heidi Nast ta wallafa littafi a 2005 a kan ƙwaraƙwaran gidan, ta nuna yadda suka riƙe harkar hatsin haraji. Ga Uwar Soro, ga jakadu, ga kuyangi. Ƙannenmu sun san sunayen matan Qianlong da darajar kowace, amma da muka tambaye su wace ce Auwa sai suka dubi juna. Ba laifinsu ba ne. Sinawa sun zauna sun mai da tarihinsu labari mai shiga rai, namu kuwa yana cikin littattafan Turanci a kan kanta.

Da yamma muka sami Goggo tana ɓare gyaɗa, muka gaya mata abin da muka gano, cewa matar nan ba ta kashe kanta ba, ciwon ajali ne. Ta ajiye ƙwarya ta yi hamdala har sau uku, kamar an kawo mata labarin 'yar'uwa. Muka ƙara da cewa ai sauran ma duk ƙarya ce aka shirya. Ta ce, "Ku 'yan boko ke nan. Wanda ya shirya dai ya san mata." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, can sai ta ce ita ma nata na fari ƙyanda ce ta ɗauke shi, yana wata goma sha ɗaya, tun kafin a haifi iyayenmu mata. Ɗan fari ne, saboda haka ko da yana da rai ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Ran da ya rasu ma ita ce ta dama wa masu gaisuwa fura. Sa'an nan ta faɗi sunan yaron. Shekararmu ashirin da 'yan kai a gidan nan, ba mu taɓa sanin an yi shi ba, kuma da muka tambayi Baffa daga baya, sai da ya yi dogon tunani kafin ya tuna.

Da ta gama ta karkaɗe zanenta, ta ce a kai na'urar nan wurin mai caji tun da sauran rana, domin tana son ta ga abin da Mai Allura za ta yi in ta dawo.