Ciwon suga: jini ne ko tukunya?

 

An ce mu yi magana kan ciwon suga. Yanzu da wuya a tashi taron biki ba a ji wata ta ce, "Ai na gidanmu ne, da shi inna ta rasu." Shi ke nan an rufe zance, an miƙo mata shayi cokali uku.

Mu 'yan Bagega bai kamata mu yi saurin cewa gado ba. Lokacin gubar dalma, daga 2010, yara sunka riƙa kwantawa bi da bi a gida ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ce jini ne, alhali ƙurar dutsen zinari ce da ake niƙawa a tsakar gida, har sai da anka kwashe ƙasar gidajenmu a 2013. Iyali ba jini kaɗai suka haɗa ba, sun haɗa tsakar gida, sun haɗa tukunya.

To, a suga akwai gadon, ba ƙarya ba ne. Wadda uwarta ko ubanta ke da shi ta fi saura kusa da kamuwa. Amma irin wanda ke kama manya, ƙiba da yawan zama da abin da ake ci su ke tado shi. A Amurka, a wani bincike da anka wallafa a 2002, an gwada mutum sama da 3,000 da ke bakin kamuwa. Waɗanda sunka rage ƙiba kaɗan, suna tafiyar ƙasa minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Na yara kuwa daban ne, ba abinci ke kawo shi ba, allurar insulin ce maganinsa, don Allah a daina zargin uwa.

Mu da ke zaune a rumfa mun san me ke fita. Kakanninmu tuwon dawa ne da gero, da wake, da kwaɗon zogale da rama. Yau farar shinkafa, taliya, burodi, lemon kwalba, furar ma sai ta sha suga. Ba mu ce a bar shinkafa ba, wa zai saurare mu? A rage malmala, a ƙara miya da ganye da wake.

Mai yawan fitsarin dare, ƙishirwa, rama ba dalili, ko miki da ya ƙi warkewa, ta je a auna ta. Haka wadda ta taɓa haifar jariri ya haura kilo 4. Awon safe kafin a ci komai, in ya kai 126, a maimaita a asibiti.

Shawararmu ga kwamiti: a cire kuɗin na'urar awo ɗaya da tsinkenta daga asusu, a roƙi ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa ranar zubi. A fara da waɗanda ke da shi a dangi.