Jawabi a kan Ma'anar Majalisa

Kalmar nan majalisa Balarabiya ce, asalinta majlis, watau wurin zama. Hausawa suka ara suka sa wa ɗakin da Sarki ke zama da Waziri da sauran manyan fada, har sunan ya koma kan mutanen kansu. Amma fa ba zaman a ke bukata ba, shawarar da ke cikinsa a ke so. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e. A 1952 doka ta wajabta wa Sarki shawartar majalisarsa, ko da ya ke an bar masa ikon saɓa mata.