Rashin barci da ƙofar kemis: me muke zuwa nema?

(Jawabin da aka gabatar a taron malaman reshe a Kunduru)



Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Malamin da ya kwana yana duban takardun ɗalibai, ko yana lissafin bashi, ko yana kasa kunne saboda halin tsaro, da wuya ya samu haka. Washegari kuma ajin ne zai ji a jikinsa, domin haƙuri ya ragu, tunani ya dushe.

Da yawanmu idan abin ya ishe mu, kemis muke nufa kafin asibiti. Yana kusa, ba layi, ba kuɗin kati, mai shagon kuma ɗan gari ne. Sai dai yawanci da sunan ƙwaya muke zuwa a baki. Wani ma yaro zai aika da takarda, don kada a ce malam ya fara shaye-shaye ko kansa ya taɓu. Kunyar nan ce ke hana mai shago jin ainihin damuwar, sai ya miƙo abin da aka ambata kawai.

Ya kamata mu san iyakar wanda ke bayan kanta. Hukumar PCN mai kula da harkar magunguna ta bambanta ƙwararren mai haɗa magani da mai ƙaramin kemis, wanda lasisinsa bai wuce magungunan da ake saye ba tare da takardar likita ba. Diazepam, wadda ake kira Valium, ba ta cikinsu. Tana sa barci, amma cikin 'yan makonni jiki kan saba da ita, barinta kwatsam kuma na da haɗari. Piriton maganin mura da ƙaiƙayi ne, kuma yakan bar mutum da kasala har safiya. Mun tuna yadda a watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan ya cinye matasa da yawa a Arewa. Ɗalibanmu na ganin abin da muke saye.

Saboda haka, idan za ka kemis, je da kanka, ka bayyana abu uku: tun yaushe barcin ya ƙaurace, waɗanne magunguna kake sha, da kuma yawan goro, shayi ko kofi da kake amfani da su bayan la'asar, domin sinadarin da ke cikinsu na daɗewa awanni a jini. Matambayi ba ya ɓata. Mai shago na gari zai fara da shawara: tsayayyen lokacin kwanciya da tashi, ajiye waya, da taƙaita ƙailula.

Idan rashin barcin ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3, ko ana minshari mai ƙarfi da yankewar numfashi, ko baƙin ciki ya ƙi tafiya, to magana ta wuce kemis. A tafi Babban Asibitin Kankiya, a auna hawan jini, a ga likita.

Ina roƙon shugabannin makarantu su lura da malamin da ke gyangyaɗi a ofis, su tambaye shi lafiya cikin sirri kafin su ba shi takardar gargaɗi.

Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.