CIRE INJIN MOTA: A HAƊA DA GIYA KO A BAR TA A CIKI?

Jawabin da aka gabatar a taron direbobi, masu motoci da yaran gareji



Maganar da aka nemi mu yi yau ta aiki ce, kuma ta shafi aljihun kusan duk wanda ke zaune a nan. Galibinmu a nan kudu da mota muke neman abinci, ko dai tuƙi muke yi, ko muna da motar haya a hannun wani, ko kayanmu ake ɗauko mana daga gida. Ranar da bakanike ya ce "Alhaji, sai an sauke injin," ranar ce hankali ke tashi. Kuma tambayar farko da ya kamata a yi a ranar ita ce: injin kaɗai za a cire a bar giyabos a cikin mota, ko kuwa za a fito da su a haɗe? Muna magana ne a kan mota mai giyar hannu, wato mai kuloci.

Abin da muke son kowa ya riƙe shi ne, wannan shawara tun kafin a kwance noti na farko ake yanke ta. Tun ran gini ran zane. Abubuwa uku ne ke yanke ta: yadda aka ƙera motar, irin aikin da za a yi, da kuma kayan ɗagawa da garejin ke da su.

Bari mu fara da yadda injin da giya suke haɗe, domin wanda bai gane wannan ba, ba zai gane sauran ba. A bayan injin akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi, shi ne fulawil. A jikinsa ake ɗaure kuloci. Daga cikin giyabos kuma wani sandan ƙarfe mai haƙora yake fitowa, ya ratsa tsakiyar farantin kuloci, a yawancin motoci masu jan baya bakinsa ya shiga wani ɗan boris da ke gindin karanshaf. To, wannan sanda shi ne dukkan maganar. Ba a raba injin da giya ta ɗagawa sama kai tsaye. Sai an ja injin a miƙe, ɗan taƙi kamar faɗin tafin hannu ko fiye, har sandan ya fita daga cikin kuloci, sannan a ɗaga. In babu filin da za a ja shi haka, ba zai fita shi kaɗai ba.

Wannan ya kawo mu ga abu na farko, ƙirar mota. Ku ɗauki Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Injinta a tsawon mota yake kwance, giya tana bayansa, ƙarfi yana tafiya ƙafafun baya. In aka cire lagireto da fanka, an sami filin da za a ja injin gaba. Ban da haka, a ƙaramar 504 farfela tana cikin wani bututu ne da ya haɗe giyabos da bayan mota, kwance shi ƙarin aiki ne. Shi ya sa in matsalar ta injin ce kawai, barin giya a wurinta ya fi sauƙi.

Volkswagen Beetle kuwa, wadda aka fara haɗawa a Legas a wannan shekara ta 1975, maƙwabtanmu Yarabawa kuma suna ce mata ijapa, wato kunkuru, nata salon daban ne. Injinta a baya yake, wuri huɗu kawai aka ɗaure shi a jikin giya. Ana ɗaga bayan motar, a tallafi injin da jak, a ja shi baya, a sauke shi ta ƙasa, giya tana nan ba a taɓa ta ba. Tsofaffin makanikai da suka yi zamaninta suna nan a cikinmu, su ne shaida.

Amma yawancin ƙananan motocin da suka cika titi yanzu masu jan gaba ne, irin su Golf, da Corolla wadda ta koma jan gaba tun 1983, da Camry. A cikinsu injin a gicciye yake, giya tana gefensa, kuma tsakanin injin da bangon mota da ƙyar hannu ke shiga. Ina za a ja shi? Saboda haka a irin waɗannan galibi a haɗe ake fito da su, bayan an zare sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba, wasu ta sama, wasu kuma ta ƙasa ake sauke su. Bakaniken da ya nace sai ya raba su a cikin mota don yana ganin gajeriyar hanya ce, sau da yawa wuni guda yake ɓatawa, daga baya ya dawo ya yi abin da ya guda.

Abu na biyu shi ne irin aikin. In ringi da mital za a sa, ko an sayo wani injin daga Ladipo ko Nkpor za a ɗora, giya kuma lafiyarta ƙalau, ba dole ba ne a dame ta in ƙirar motar ta ba da dama. Amma in giya tana kuka, ko tana tsalle ta fita da kanta, ko tana yoyon mai, to a fito da su tare a gama lokaci guda. A nan muna da kira ga masu motoci. Duk hanyar da aka bi, da zarar an raba injin da giya, kuloci ya fito fili. A duba faranti, a duba boris ɗin da ke danna kuloci, a duba sil ɗin bayan karanshaf ko yana zubar da baƙin mai. Kuɗin waɗannan kaɗan ne in aka gwada da kuɗin aiki. Wanda ya ƙi saye yau don tattali, bayan wata biyu zai biya kuɗin rabawa karo na biyu, ga kwanakin da mota za ta yi ba ta kawo ko kwabo ba. Araha ba ta ado.

Abu na uku, kayan ɗagawa, shi ne ya fi shafar rai. Injin mai silinda huɗu na ƙarfe yakan kai nauyin buhun siminti uku, wato kusan kilo 150, giyabos kuma ta ƙara kusan wani buhu guda. In za a fito da su a haɗe ta sama a mota mai jan baya, dole a karkata su sosai, gaban injin ya ɗaga, wutsiyar giya ta yi ƙasa, don haka ana bukatar tsawo mai yawa da sarƙa mai ƙarfi. Reshen bishiyar da ya ɗauki injin shi kaɗai bara ba lallai ne ya ɗauki injin da giya bana ba. Igiyar roba ba ta wannan aiki. A rataya sarƙa a kunnuwan ƙarfen da aka yi wa injin domin ɗagawa, kada a naɗa ta a bututun mai ko a jikin kafireta. Kuma ƙannenmu, ku ji wannan da kyau: ba a shiga ƙarƙashin injin da ke rataye, ba a sa yatsa tsakanin injin da giya, ba a kuma kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata katako mai kauri ko ƙafafun ƙarfe, a datse tayoyi. Bulo na siminti yakan fashe ba tare da sallama ba.

Yanzu ga tsarin aikin a taƙaice. Kowace hanya za a bi, da batir ake farawa, kuma wayar da ke haɗe da jikin mota ita ake fara cirewa, don kada sifana ta haɗa wuta. A juye baƙin mai da ruwa. A yi wa madaurin bonet alama kafin a cire shi, don ya koma daidai. A toshe bakin tiyon fetur, kuma kada a ga sigari a wurin. Kowace waya da kowane tiyo a ɗaura masa alama, ko a ɗauki hotonsa da wayar hannu, tunda yanzu babu yaron garejin da ba ya riƙe da ita. Notina a zuba su a gwangwani daban-daban, domin na kewayen giya ba tsawonsu ɗaya ba.

In injin kaɗai za a cire, sai an fara tallafar giyabos da jak da katako kafin a kwance notinan da suka haɗa su. In ba haka ba, nauyi zai faɗa a kan sandan nan da muka ambata, ya lanƙwasa farantin kuloci. A ja injin a miƙe. In ya ƙi rabuwa, kada a yi ta zura ƙarfe ana ɓamɓara. Sau da yawa noti ɗaya ne ya ɓuya a sama ko a bayan kik.

In kuwa a haɗe za a fito da su, a juye man giya tukuna, in ba haka ba yana karkata zai malale ta wutsiya. A cire sandar giya, a yi wa farfela alama kafin a raba ta don ta koma yadda take, kada mota ta riƙa rawa a guje. A cire wayar mita, da wayar fitilar ribas, da wayar kuloci. In kulocin na mai ne, a kwance ƙaramin famfonsa a rataye shi gefe ba tare da an buɗe tiyo ba, an huta da fitar da iska daga baya.

Wurin mayarwa ne ake gane gwani. Amfanin fitowa da su a haɗe shi ne a ƙasa za a sake haɗa su, ido yana gani. Wanda ya bar giya a cikin mota kuwa, a makance zai nemi bakin sandan. Dabarar ita ce a daidaita farantin kuloci a tsakiya da tsohon sandan giya kafin a ɗaure shi. Sannan a sa giya, a ɗan juya karanshaf ko farfela har haƙora su shiga juna. In sun shiga, injin da giya za su rungumi juna da hannu kawai. In ka ga saura ɗan tazara ta ƙi rufewa, kada ka ja ta da noti. Kaskon giya a yawancin motoci na alminiyam ne, tsagewa yake yi, farantin ma ya lalace tun bai yi aikin kwana ɗaya ba. A ja baya a sake daidaitawa. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma 'yar wayar nan mai kauri da ke haɗa injin da jikin mota, wadda ake yawan mantawa. In ba a mayar da ita ba, wutar kik za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta kuloci, ta ƙone su. Kada kuma a manta da zuba man giya kafin a motsa motar.

Daga ƙarshe, ga masu motoci: ba sai kun iya riƙe sifana ba kafin ku kare dukiyarku. In aka ce za a sauke injin, ku tambayi bakanike, ko ɗan gida ne ko ɗan gari, da giya zai fito da shi ko shi kaɗai, kuma saboda me. Ku ce ya nuna muku abin da zai ɗaga da shi. Ku ce ya kira ku ku ga kuloci da idonku kafin a rufe. Ku yi cinikin aikin gaba ɗaya tun farko, a rubuce in da hali. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, shi ma sauƙi ne a gare shi. Iyayen gidan gareji kuma, yaran nan amana ne iyayensu suka ba ku, wasu daga nesa aka kawo su. Ku koya musu dalilin kowane mataki, kada ya tsaya ga "miƙo goma sha uku" kawai.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.